Ruwan da na guje wa shekara talatin

An haife ni a wani ƙauyen masunta da ke kusa da Yelwan Yawuri, a gefen babban tafkin da madatsar ruwa ta Kainji ta tara bayan an kammala ta a 1968. Mahaifina Basarke ne, kamar yadda mahaifinsa yake, kuma tun ban yi wayo ba na san ƙarar filafili a jikin kwalekwale da hayaƙin bandar da mahaifiyata take turara tarwaɗa da karfasa a kai kafin ranar kasuwa. Ina shekara bakwai ya yanko mini sandar gora, ya ɗaura mata zare da ƙugiya da ɗan guntun totuwar kara, ya nuna mini inda ake tonon tana, ya ce in zauna in kalli ruwa tukuna kafin in jefa komai a cikinsa. Wannan ne darasina na farko a fatsa, kuma na daɗe ina ɗaukar shi ne na ƙarshe.

Da aka kai ni makarantar kwana, yara suka gane daga inda na fito. Sukan toshe hanci idan na shigo aji, su ce ƙarnin kifi ya iso. Ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba, amma abin ya zauna mini a zuciya har ya zama ƙuduri: zan yi karatu, in yi nisa da ruwa, kada wani ya sake haɗa sunana da kifi. Idan na zo hutu mahaifina yakan ce in bi shi duba raga da asuba, ni kuwa in kawo uzurin karatu. Bai taɓa tsananta mini ba. Yakan ce: "To, ɗan boko, Allah ya ba da sa'a," ya ɗauki filafilinsa ya tafi. Yau idan na tuna bayansa yana gangarawa bakin ruwa shi kaɗai, na san ya gane abin da nake ɓoyewa, ya zaɓi ya rufa mini asiri.

Karatu ya kai ni Ingila, rayuwa kuma ta zaunar da ni a birnin Nottingham. Aikin da na yi karatu dominsa bai samu ba, sai na koma tuƙin bas, na yi shekaru ina yi, ina ciyar da iyalina, ina aika abin da ya sawwaƙa gida. Kullum ina tsallaka Kogin Trent a kan gada, ina ganin mutane zaune a gefensa da dogayen sanduna cikin sanyi, ban taɓa tsayawa na tambayi abin da suke kamawa ba.

A ƙarshen 2019, wata safiya ina shirin fita aiki, kofin shayi ya suɓuce daga hannuna na hagu, na buɗe baki in kira maiɗakina sai maganar ta fito a karkace. Likitoci suka ce jini ne ya toshe a wata jijiya ta ƙwaƙwalwa, wato shanyewar ɓarin jiki, kuma na yi sa'a an kai ni asibiti da wuri. Ƙafa ta dawo cikin makonni, magana ma ta dawo, amma hannun hagu ya tsaya da rauni da rawa. Dokar ƙasar ta hana direban bas ko babbar mota da ya gamu da irin wannan ciwo ya koma tuƙi sai bayan aƙalla shekara guda, kuma na fahimci hikimar dokar, domin rayukan mutane ne a bayana. Duk da haka, ranar da na mayar da kayan aikina na ji kamar an cire mini wani abu daga jiki. Ban daɗe da fara saba wa zaman gida ba annobar korona ta zo, aka kulle Ingila ranar 23 ga Maris, 2020, Nijeriya ma ta rufe filayen jiragenta ga masu shigowa daga waje. Ana cikin watan azumi na wannan shekarar yayana ya kira ni bayan sallar asuba ya ce mahaifinmu ya rasu, kwana uku kawai ya yi yana jinya. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ban samu zaman makoki ba, ban riƙe hannun mahaifiyata ba, masallacin unguwarmu ma a rufe yake, ta'aziyya duk ta waya na karɓe ta ina zaune a gefen gado.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da na fi jin nauyin faɗa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Na daina barci da dare, na daina fita ko da ƙofar gida, abinci ya daina yi mini daɗi, har salla nakan yi ta ne kamar wanda ake jan sa da igiya. Hayaniyar 'ya'yana, wadda a da ita ce farin cikina, ta koma tana ɓata mini rai. Na riƙa gaya wa kaina cewa musulmi mai tawakkali ba ya irin wannan, saboda haka na ɓoye, kamar yadda na ɓoye zagin da aka yi mini a makaranta. Wata rana maiɗakina ta zauna kusa da ni ta ce: "Malam, lokacin da hannunka ya shanye ba ka ji kunyar zuwa asibiti ba. Wannan ma ciwo ne, don Allah ka bari a duba ka." Na yi kwanaki ina juya maganar kafin na amince na yi magana da likita ta waya. Ya kira abin da sunansa, ciwon damuwa, ya ce yana yawan bin waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, ya rubuta mini magani, ya kuma ce in nemi wani dalili da zai riƙa fitar da ni waje.

Dalilin ya zo ne daga maƙwabcinmu, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga aikin haƙar kwal, wanda gaisuwa ta kan shinge kawai ke haɗa mu. Gwamnati ta sake halatta kamun kifi na nishaɗi daga ranar 13 ga Mayu, 2020, kuma bayan ƙaramar salla ya tsaya daga nesa ya ce yana da sanda ta biyu da kujera ta biyu, idan ina so in bi shi tafkin kulob ɗinsu. Na ce masa ban iya ba. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce tun kafin in rufe baki. Bai ja maganar ba, sai washegari ya sake tambaya, jibi ma haka, har kunya ta sa na ce to.

Kafin mu tafi ya sa na sayi lasisin sanda ta intanet daga Hukumar Kula da Muhalli, domin a Ingila duk wanda ya kai shekara 13 ba ya jefa ƙugiya a ruwan daɗi sai da shi, kuma tarar wanda aka kama ba shi da shi tana iya kaiwa fam 2,500. Ya bayyana mini cewa daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kamun yawancin kifayen ruwan daɗi a koguna saboda lokacin ƙwansu ne, amma yawancin tafkuna a buɗe suke duk shekara, gwargwadon ƙa'idar masu su. Tafkin nasu tsohon ramin haƙar tsakuwa ne da ya cika da ruwa, kewaye da itatuwa da kyauro, an yi masa ƙananan dandamali na katako a gefe, kowanne da lamba. Fegi suke kiran kowane ɗaya, kalmar da na saba ji a gida a kan filin gini. Mun isa gari bai gama wayewa ba, hazo yana tashi daga fuskar ruwa, kuma warin laka da ciyawar ruwa ya buge ni har sai da na dafa bishiya. Warin gangaren gidanmu ne sak.

Baba, kamar yadda na koma kiran maƙwabcin nawa kuma ya karɓa bayan na gaya masa ma'anarsa, ya fara da abin da mahaifina ya fara da shi. Ya ce kada in taɓa abincin kifi sai na san zurfin wurin. Ya maƙala ɗan nauyi a ƙugiya, ya sauke shi a hankali, ya riƙa matsar da 'yar alamar da ke shawagi a kan zare, wadda ita ce totuwarsu, har sai da kanta kawai ya rage a sama yayin da ƙugiya take taɓa ƙasa. Sannan ya buɗe roba cike da tsutsa fari da ja, ya ce in soka ɗaya ta gefen da ya fi kauri, a fatar kawai, don ta ci gaba da motsi. Ƙugiyar lamba 18 ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, domin a lissafinsu duk yadda lamba ta ƙaru haka ƙugiya take ƙanƙancewa. Hannuna na hagu ya yi ta rawa, tsutsa ta yi ta faɗuwa, na kusa minti goma ina fama. Bai miƙo hannu ya karɓa ba, bai kuma kalle ni ba, ya mayar da idonsa kan ruwa har na gama. Watanni bayan haka ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ce mini wannan aikin na tsinke da zare ya yi wa yatsuna abin da atisayenta yake nema.

Wajen ƙarfe shida ƙananan kumfa suka fara tasowa kusa da alamata kamar an zuba garin kanwa a ruwa. Alamar ta ɗan ɗago, ta karkata, ta nutse. Hannuna ya ɗaga sanda kafin tunanina ya kai, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kifin da ya fito suna kiransa tenci, kore ne mai duhu, fatarsa santsi kamar an shafa mata mai, idonsa ja ƙarami, ya kusa fam huɗu a awon nauyinsu. Na ɗora shi a kan tabarmar roba, na waiga na ɗauki wani guntun itace don in buge kansa kamar yadda muka saba. Baba ya ɗaga murya karo na farko tun da na san shi. Ya ce a nan kifi yana komawa ruwa da ransa, cire shi daga tafki ba da izinin mai tafkin ba sata ce, kuma kulob ɗin ma kuɗi ya sa ya zuba su. Ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar cikin sauƙi domin ba ta da ƙayar da ke hana ta fita, ya sa ni na riƙe kifin a cikin ruwa har ya kaɗa wutsiya ya tafi.

Na daɗe ina kokawa da wannan al'ada a raina. A inda na tashi kifi abinci ne, kuɗin makaranta ne, sadaki ne, kuma ko a bikin Argungu da ake gasar kama mafi girma, ba wanda zai mayar da giwan ruwa kogi. Na tambayi kaina ko daidai ne a wahalar da halitta ba don ci ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, idan har zan yi, to haƙƙin kifin yana wuyana daga lokacin da ya haɗiyi ƙugiya har ya koma: kada in bar shi a busasshiyar ƙasa, kada in taɓa shi da busasshen hannu, kada in ja lokaci ina ɗaukar hoto, kada in bar guntun zare a gefen ruwa ya harɗe tsuntsu. Na ga kuma masu abin da gaske haka suke. Tun 1987 aka haramta yawancin ƙananan nauyin darma saboda agwagwan ruwa masu dogon wuya suna haɗiye su suna mutuwa, kuma a ƙofar tafkinmu akwai randa ta maganin kashe ƙwayoyin cuta da kowa yake tsoma ragarsa kafin ya shiga, don kada ya ɗauko wa kifin da suke kira kaf cuta daga wani ruwa. Abincin kifi na naman gwangwani da wasu suke amfani da shi kuwa ban taɓa shi, domin akwai alade a ciki. Tsutsa da tana da masarar gwangwani da burodi sun ishe ni.

Duk damina da kakar wannan shekara muna zuwa sau biyu a mako. Yawanci ba ma magana. Wata rana ne, muna shan shayi daga fulas, ya gaya mini cewa bayan rasuwar matarsa ya yi wata shida bai buɗe labulen ɗakinsa ba, kuma wani abokinsa ne ya jawo shi nan kamar yadda ya jawo ni. Ya ce ya gane halin da nake ciki tun daga yadda na daina fitar da shara da kaina. A nan na gaya masa gaskiya, cewa ni ɗan masunci ne, na faɗa masa maganar makaranta da asubahin da na ƙi bin mahaifina. Na yi kuka a gabansa irin wanda ban yi ba ranar rasuwar. Bai ce komai ba sai da na natsu, sannan ya ce in ba shi labarin yadda mahaifina yake gane inda kifi yake, kuma ya saurara kamar ɗalibi.

Shiga gasar kulob ta zo ne a shekarar da ta biyo, bayan an sassauta dokokin kulle. Tsarin ba wuya: a taru da safe a wurin ajiye motoci, kowa ya sa hannu a jaka ya zaro lambar feginsa, a ba da lokacin shirya kaya, a busa usur, a yi awa biyar ana kamawa ana tarawa a doguwar ragar ajiya da ke cikin ruwa, a sake busa usur, sannan masu sikeli su zagaya su auna na kowa a sake su. Wanda ya fi nauyi shi ya ci. Akwai kuɗin da ake tarawa na son rai a raba wa waɗanda suka yi nasara, na gaya wa sakataren kulob cewa addinina bai bar ni in shiga wannan ba, zan biya kuɗin fegi kawai, kuma ya karɓa ba tare da gardama ba. Yawancinsu suna amfani da doguwar sanda mai gaɓoɓi, mita 13 ko ma 16, da roba mai miƙewa a cikin kanta wadda ke rage ƙarfin kifi. Hannuna ba zai ɗauki wannan tsawon ba, sai Baba ya haɗa mini madogara a jikin akwatin zama, na tsaya a mita takwas zuwa tara.

A gasata ta farko na zo na ƙarshe da fam biyu da 'yan oza. Kuskurena shi ne zumuɗi: na zuba rabin abincin da na zo da shi a cikin awa ta farko, kifin ya ƙoshi ya bar ƙugiyata. Na koyi cewa sirrin yana cikin ba da kaɗan a kai a kai, tsutsa shida ko takwas kowane minti biyu, har kifaye su taru suna rige-rige. Na koyi cewa a hunturu, da yake zafin jikin kifi na ruwan da yake ciki ne, cinsa yana raguwa ƙwarai, har mutum ya yi awa biyar alamarsa ba ta motsa ba, kuma wannan ya same ni fiye da sau ɗaya. Na koyi cewa a tsananin zafi iskar da ke cikin ruwa takan ragu, a kunna injin feshi a tsakiyar tafki, wani lokaci ma a soke gasa. Na koyi bin gefen da iska take kaɗawa zuwa gare shi, abin da mahaifina ya taɓa faɗa mini da wasu kalmomi ina yaro ban saurara ba.

Ba duka ne ya zo da daɗi ba. Wata Lahadi bayan awo wani ɗan kulob ya tare ni a gaban mutane ya ce in buɗe jakata, wai baƙi sun saba tafiya da kifi gida. Na buɗe, ya ga darduma da fulas da robar tsutsa. Bai ba da haƙuri ba. Na koma gida da niyyar ba zan sake zuwa ba, domin na ji muryar yaran makarantar nan ta dawo. Mako biyu ban je ba. A na uku na zauna na tambayi kaina ko zan sake barin ruwa karo na biyu saboda bakin wani, kuma na ga cewa wancan karon ya ci mini shekara talatin da zama da mahaifina. Na koma. Kwamitin kulob ya riga ya yi wa mutumin magana ba da roƙona ba, kuma wasu da ba su taɓa gaishe ni ba suka zo fegina suka miƙa hannu. A kakar wannan shekarar na faɗa kan garken birim, faffaɗan kifi mai yawan yauƙi da ke kiwo a ƙasa tare da 'yan uwansa, na auna fam 31, na zo na ɗaya a sashen tafkin da fegina yake.

Da hanya ta buɗe kuma jikina ya yarda, na je gida. Na ziyarci kabarin mahaifina, na nemi gafarar mahaifiyata a kan rashin zuwana, ta ce: "Ɗan nan, wane laifi ka yi? Ai kullum yana sa maka albarka." Yayana ya ɗauke ni a kwalekwale da asuba, yana kukan cewa kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance saboda masu raga mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'ya. Na ba shi labarin tafkin da ake mayar da kifi, ya yi shiru yana tuƙi, sannan ya ce wanda ya ƙoshi ne yake iya haka, kuma ban musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Da zan dawo ya ba ni allurar katako da mahaifinmu yake ɗinkin raga da ita, ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda hannu. Tana cikin aljihun akwatin zamana, da ita nake gyara ragar ajiyata idan ta yage.

Ban koma tuƙin bas ba, ina aiki ne a ofishin tsara zirga-zirgar motoci. Hannun hagu bai dawo yadda yake ba, damuwar ma takan leƙo, musamman a gajerun ranakun hunturu, kuma idan ta zo yanzu ina faɗa wa maiɗakina da likitana tun da wuri. Ɗana na fari ya fara bi na tafki, kuma na gaya masa sana'ar kakansa da sunan ƙabilarsa da sunan kowane kifi na gida da na iya tunawa. Baba ya tsufa sosai, gwiwoyinsa ba sa ɗaukar kaya, idonsa ba ya ganin ƙugiya lamba 18. Ranar gasa ni nake tura kayansa a kura zuwa feginsa, in auna masa zurfin ruwa, in ɗaura masa ƙugiyoyi biyar ko shida a jere a kan allo yadda zai iya canzawa da kansa, sannan in wuce nawa fegin kafin a busa usur.